Wai Kimiyya Ba Ta Jin Hausa Ne?

Akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a wannan yanki namu, wadda ya kamata mu marubuta mu fito fili mu ce ba mu yarda da ita ba. Za a buga takardar gayyata a ce za a yi lacca don wayar da kan jama'a a kan wani sha'ani na kimiyya, ko lafiya, ko noma. Ranar taro sai ka tarar an jera kujerun alfarma, an yi awa biyu ana jiran babban baƙo, an ƙara wata awar ana gabatar da manyan baƙi da kirarinsu. Can da rana ta take, sai shehin malami ya miƙe ya karanta takarda da Turanci tun daga bisimilla har tammat, a tafa, a raba lemo, a watse. Yanzu kuma an ƙaro sabon salo, a ce wanda bai samu zuwa ba ya bi ta intanet. To, jama'ar da aka ce don su aka yi, ina suke? Manomin Gwiwa yana gona, matar aure a Roni tana tsakar gida, mai faci a Babura yana bakin titi. Ko labarin taron bai kai musu ba, kuma da sun zo ɗin ma, da kallo kawai za su sha.

Ba rashin masana ke damunmu ba. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, ga kuma cibiyar koyon ilmin kwamfuta da ta sa sunan garin ya zaga ƙasar nan. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'ar fasaha a Babura. Ƙasar da ke da wannan arziki bai kamata a ce bayanin abin da ke kashe mutane ya gagari kunnen talaka ba.

Mu ɗauki abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoba na 2024. Tankar mai ta faɗi da dare, mutane suka yi dafifi suna kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu. Mun san talauci ne ya kai da yawansu wurin, ba mu musa ba. Amma mutum nawa ne a cikinsu aka taɓa zaunar da shi aka gaya masa, da harshen da ya sha a nono, cewa ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne? Cewa tururin nan ya fi iska nauyi, yana kwanciya ya bi ƙasa kamar hazo, har ya isa inda ido bai ga ɗigon mai ba, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi? Wannan bayani bai kai minti uku ba. Duk ɗalibin kimiyya ya san shi. Sai dai ya san shi da Turanci, don ya ci jarrabawa.

Haka zancen ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake don maganin ƙwari. Da ta ji danshin iska sai ta riƙa fitar da guba, shi ya sa ba a ajiye ta a ɗakin da ake kwana. Ga kuma buhu mai ninki uku da ke kashe ƙwarin ta hanyar hana su numfashi, ba tare da ko ɗigon magani ba. Haka hayaƙin janareta a rufaffen ɗaki, wanda gubarsa ba ta da launi ba ta da wari. Haka sikila: idan miji da mata kowannensu na ɗauke da ita a ɓoye, to kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba kamar yadda ake ta yayatawa. Waɗannan su ne laccocin da muke bin masananmu bashi.

Za su ce, kamar yadda suka saba, wai Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Wannan magana ta gaji, ya kamata a bar ta ta huta. Marigayi Abubakar Imam da Rupert East sun wallafa Ikon Allah tun ƙasar nan na hannun Turawa, suka yi bayanin halittu da Hausar da ɗan firamare ke ganewa. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya ya kai yaran Hausa sararin samaniya. Kakanninmu sun san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, da taurari suke lissafin damina. Harshen da ya ɗauki fiƙihu da lissafin rabon gado, da dukkan sarƙaƙiyarsu, shi ne zai kasa ɗaukar bayanin sauro da zazzaɓi? Gaskiyar maganar ita ce fassara ilmi aiki ne mai wuya, kuma ita ce ke tona asirin wanda ya haddace bai gane ba. Turanci ya zama wa wasu bargon rufa.

Mun kuma ga bambancin da bayani ke yi. A watan Janairu na 2001 wata ya yi husufi, matasa a Maiduguri suka fita ƙone-ƙone, wai zunubin mutanen gari ne ya jawo. Da husufin rana na 29 ga Maris 2006 ya gabato, wanda ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi da duhu, mu ma nan rana ta dushe mana, sai aka riga shi da bayani ta rediyo da bakin malamai da masu sarauta: wata ne zai gifta tsakaninmu da rana, ga rana ga lokaci, kada a kalla da tsurar ido. Mutane suka yi sallarsu ta kisfewa, suka yi kallo, suka koma harkokinsu. Jama'a ɗaya ce, ba a sauya ta ba cikin shekara biyar. Magana aka yi mata.

Idan kuwa masana suka yi shiru, fili ba ya zama wayam. A 2003 jita-jita ta tsayar da allurar shan-inna a Kano har kusan shekara guda, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, ba a tabbatar da kawar da ita daga Nijeriya ba sai 2020. Kuma kada a raina tsoron mutane, don abin da ya faru da yara a gwajin maganin sanƙarau na 1996 a Kano bai bar zukata ba. A watan Agusta na 2014, cikin dare ɗaya saƙon waya ya sa dubban mutane wanka da shan ruwan gishiri wai maganin Ebola. Mai wannan saƙo bai kama zauren taro ba, bai jira babban baƙo ba.

A nan ne muke da ja da masu ganin intanet ya gama magana. Taron bidiyo na awa biyu yana cinye kuɗin datar da magidanci zai yi cefane da shi, ga wuta sai an kai caji shago. Abin da ke yawo a wayoyin mutanenmu shi ne gajeren saƙon murya. To, a yi laccar a inda jama'a suke, a dandali bayan la'asar, a bakin kasuwa, a ƙofar gidan hakimi, a makarantun Islamiyya na matan aure, a bar rabin lokacin don tambayoyi, kada a yi wa kowa dariya. Sannan a yanka ta gunduwa-gunduwa a tura ta waya, a kai wa gidan rediyo. A Landan tun 1825 ake yi wa yara laccar kimiyya ta ƙarshen shekara, Michael Faraday da kansa ya sha tsayawa gabansu da kyandir a hannu. Girmansa bai ragu ba.

Saura mu. Mun shafe shekarun 1990 muna cacar baki a jaridu kan littattafan soyayya da adabin kasuwar Kano, har yau ƙurar ba ta gama lafawa ba. Amma a taronmu na wata-wata, yaushe rabon da a gayyato malamin asibiti ko na gona a ce ya yi bayani, mu kuma mu tsefe Hausarsa har ta zauna? Shi yana da sanin, mu muna da kunnen da ke gane jimlar da za ta shige da wadda za ta tsaya a maƙoshi. Matasan da ke aiko mana da gajerun labarai, ga fage nan da babu cunkoso. Kowane reshe daga Kazaure zuwa Babura ya nemi masani ɗaya kafin fitowa ta gaba, a sa rana, a fara da tururin fetur, a aiko wa wannan mujalla abin da aka faɗa da tambayoyin da jama'a suka yi.