Garin 'yan ɗaga ƙarfe ba abincin yara ba ne

Hutun da ya wuce na je gidan wani abokina ɗan ɗaga ƙarfe, na tarar yana dama wa ƙanensa ɗan shekara 4 garin furotin ɗin da yake sha bayan motsa jiki. Wai yaron ya rame, so yake ya murmure. Na ce, "Haba mutumina, wannan ai naka ne, ba nasa ba!"

Mu yi lissafi. Yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 kusan giram 19 na furotin yake buƙata a yini. Cokali ɗaya na garin nan yakan kai giram 20 ko fiye. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. A haɗa masa da ƙosai, awara da kofin nono, shi ke nan an biya. In kuwa ya cika ciki da garin, tuwo ma ƙi zai yi, ga sukarin da ake zubawa a wasunsu.

Yaron da ke ramewa asibiti ya kamata a kai shi, don wataƙila tsutsar ciki ce ko zazzaɓi. 'Yan uwa ɗalibai, in za mu tafi gida, kiret ɗin ƙwai ya fi wannan roba zama tsaraba.