'Yar Motar da Ba Ta Ganin Labule

A lokacin dogon yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ci wata takwas, ɗan ƙanwata ya tare a gidana da jakar leda cike da wayoyi. Ya ce mutum-mutumi zai haɗa, wato 'yar mota mai taya uku da zai riƙa tuƙawa da wayarsa, amma idan ta doshi bango ta ja birki da kanta. Mu da muka tashi da motar kara da ta gwangwani mai tayar tsohon silifa, abin bai yi mana baƙo sosai ba. Tamu dai sai inda igiya ta ja ta.

Kayan ba su da yawa. Ƙwaƙwalwar ita ce allon Arduino Uno, jikan wani allo da aka fara yi a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗaliban da ba lantarki suka karanta ba. Sai ƙananan injuna biyu masu ruwan ɗorawa, kowanne da tayarsa, da taya ta uku da ke juyawa duk inda aka ja ta. Babu sitiyari: in ana son kwana sai a tsayar da taya ɗaya a bar ɗayar. Akwai wani allo mai suna L298N da ke ba injunan wuta, da HC-05 da ke karɓar saƙon Bluetooth daga nisan kamar mita 10. Matsalar wuta ta ɗan wahalar da shi. Batir ɗin nan mai kusurwa huɗu, mai volt 9, ba ya iya ɗaukar nauyin injuna. Da sun yunƙura sai ƙwaƙwalwar ta ɗauke ta sake farkawa. Ya je wurin mai gyaran kwamfuta ya samo ƙwayoyin batir biyu na tsohuwar laftof, magana ta ƙare.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne 'yar na'urar da ya ɗaura mata a goshi, HC-SR04. Tana da gwangwanaye biyu zagayayyu da kowa ke kira idanu, alhali ɗaya baki ne ɗaya kunne. Bakin yana fitar da ƙara mai kaɗawa sau 40,000 a sakan, ninki biyu na iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji, kunnen kuma ya jira amsa-kuwwa, kamar dai yadda jemage ke gane hanya cikin duhu. Ƙara tana tafiyar mita 343 a sakan idan zafin iska digiri 20 ne. Abin da ke nisan santimita 20, zuwa da dawowar ƙarar kaɗan ya ɗara kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Wannan ɗan lokacin ake aunawa a mayar da shi nisa, daga santimita 2 zuwa mita 4. A zafin bazara irin namu, digiri 40, gudun ƙarar kan kai mita 355, amma bambancin bai kai ya sa motar yara ta yi karo ba, don haka ba mu damu da shi ba.

Gwajin farko ya yi kyau. Ya danna gaba, ta nufi bangon tsakar gida, ta tsaya cak saura taƙi guda. Turmi ma haka, bokiti haka. Sai ya juya ta ɗaki, ta shige cikin labule ba ko waiwaye, ta naɗe kanta a ciki. Ta daki katifa. Ta yi karo da ƙafar kujerar ƙarfe. Da ta zo wa bango a karkace, sai ta yi ta gurzar jikinsa.

"Kawu, ai lalatacciya suka sayar mini," in ji shi.

Na ce, "Kai dai haɗa ta da kwamfuta mu ga me take faɗa."

Lambobi suka fara gangarowa a fuskar kwamfutar. Ya sa tafin hannunsa a gabanta: 35, 34, 35. Ya matso: 12, 12, 11. Ya nufi labule da ita, lambar ta yi tsalle ta haye ɗaruruwa. Ya fita tsakar gida ya ɗaga ta sama, inda babu komai sai gajimare, lambar ba ta canza ba. Na'urar lafiyarta ƙalau. Yadi mai laushi yana shanye ƙara ne, ba ya maido ta. Bangon da aka zo wa a karkace yana wurga ta wani gefe. Ƙafar kujera kuwa siririya ce, abin da take maidowa bai kai a ji ba. A duka ukun kunnen shiru ya ji, kuma shirun nan ba shi da bambanci da na fili fetal.

A nan gizo ke saƙar. Umarnin da yaron ya rubuta layi biyu ne: in nisa bai kai santimita 20 ba, tsaya, in ya wuce, ci gaba. Alhali na'urar amsa uku gare ta: akwai abu kusa, akwai abu nesa, ban ji komai ba. Ta ukun ba ta da gurbi a rubutunsa, sai ta faɗa cikin ta biyu, "ban ji ba" ta koma "hanya a buɗe take". Tun daga ranar, duk na'urar da aka nuna mini, ko mitar lantarki ce ko ta awon jini, tambayar da nake fara yi ita ce me take nunawa idan ta kasa aunawa. Mai ƙira na gaske yana gane kayansa ne ta wurin da suke makancewa, kuma ba kasafai ake rubuta wannan a jikin kwali ba.

Ba yara kaɗai abin ke kamawa ba. Motar bincike ta Amurka mai suna Spirit ta shafe shekara biyar tana yawo a duniyar Mars, da kyamarorin hango haɗari gaba da baya, amma a 2009 ta taka wata ƙasa mai ɓawon tauri a sama da laushi a ƙasa, ta kafe, ba ta sake fita ba. Kyamara ta ga dandaryar ƙasa, abin da ke ƙarƙashi ba aikinta ba ne. Shi kuwa William Grey Walter, masanin ƙwaƙwalwa da ya ƙera 'yan kunkurun ƙarfe biyu, Elmer da Elsie, a birnin Bristol na Ingila tsakanin 1948 da 1949, bai dogara da idon haske kaɗai ba. Ya sa ƙoƙon bayansu ya zama abin jin taɓi, duk abin da ido ya rasa jiki zai ji.

Dabarar tsohon nan muka ara. Yaron ya lanƙwasa ƙarfen sifok na keke ya yi mata gashin baki, ya haɗa da ɗan makunni, da ta taɓa abu sai ta ja da baya. Ya ɗora kunnen a kan ƙaramin injin da ke juya shi hagu da dama. Ya sa ta auna sau uku ta ɗauki lambar tsakiya. In kuma shiru ta ji, sai ta rage gudu ta waiga ta sake tambaya.

Mun ɗan yi musu kan wa ke da maganar ƙarshe, yatsansa ko na'urar. Shi yana ganin mai mota ne ke da iko. A Mars ba a wannan gardamar, don saƙo kan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, dole motar ta iya tsayar da kanta. A tsakar gidanmu babu jinkiri, sai dai direba ba ya ganin ƙarƙashin gado, kuma da motar ta fuskanto shi hagunsa ya zama damarta, hannu ya rikice. Muka daidaita a kan cewa na'urar za ta iya hana tafiya gaba kawai, baya da kwana suna hannunsa.

Saura bakin dakali, inda ta taɓa faɗowa har taya ta fita. Ya sa mata wani ɗan ido a ciki mai haska ƙasa da hasken da ido ba ya gani. In hasken ya dawo, akwai daɓe. In bai dawo ba, rami ne, tsaya. Wannan karon shiru ya zama haɗari, kuma daidai ne. Sai dai baƙin abu yana shanye hasken kamar yadda labule ke shanye ƙara, har manyan injunan shara na kamfani an san su da wannan halin. Da ta iso bakin baƙar dardumar falo sai ta ɗauka rijiya ce, ta ja da baya. Akwai ɗan sukuru da za a murɗa idon ya ƙara kaifi har ya ga dardumar, amma da ya gwada sai ya fara hango ƙasan dakali ma, ya daina ganin ramin a matsayin rami. Ya mayar da sukurun inda yake. Uwargida ta ce ba mai naɗe mata darduma saboda motar wasa, shi kuma ya ce ba zai sake sayen taya ba, saboda haka falo ya fita daga wuraren da motar ke zuwa.