Ba'amurke a Idon Mutumin Lau

Jama'a, a kasuwar Lau da ke bakin kogin Binuwai, in an ambaci Ba'amurke sai a ce almubazzari ne, tunda tufafin da ya yar muke saye a gwanjo. Amma laifi tudu ne. Zamanin arzikin man fetur, cikin shekarun 1970, shinkafar Uncle Ben's ta zama abin alfahari a biranenmu, aka raina ta fadamarmu, har Gwamnatin Babangida ta hana shigo da shinkafa a 1985. Ba'amurke dai abin gonarsa yake ci, ya sayar mana ragowar. To, mu masu zarginsa, buhu nawa muka saya wurin manomin Lau bana?