Yadda Ake Ƙara wa Ginin Ilimi Ɗaki

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibai, har ma da wasu malamansu, cewa kimiyya ba ta da tsayayyen zance: abin da ta tabbatar jiya shi za ta rushe gobe. Sai ka ji an ce Ainstain ya ƙaryata Niyuton. Wannan fahimta tana da illa babba, domin yaron da ya ɗauka ilimi na sauya baki kamar dillalin kasuwa ba zai ba shi amana ba, haddace shi kawai zai yi don jarrabawa. Gaskiyar lamarin ita ce, a fagen lissafi da mantiƙi da fiziks, sabuwar nazariyya kan zo ne a matsayin ƙarin ɗaki. Idan ɗan magidanci ya yi aure a Tozai, ko Isa, ko Sabon Birni, akan gina masa sashensa ne a cikin gida, zaure kuwa yana nan inda kaka ya kafa shi.

Abin da ake nufi da tsararriyar nazariyya shi ne ginin tunani mai sassa uku: alamomin da aka yarda a yi aiki da su, da ginshiƙan da aka amince da su tun farko, da ƙa'idojin ciro sabon hukunci daga waɗannan ginshiƙai. Faɗaɗa ta kuwa shi ne a ƙara mata alama ko ginshiƙi domin ta amsa tambayar da ta gagare ta a da.

Darasi daga rabon gado

Ba sai an je Turai neman misali ba, yana nan a zauren kowane malamin fara'il a ƙasar Gobir. A ɗauka mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa, ba mahaifi, dukiyarta kuma tumaki 42 ce. Miji na da rabi, wato 21. 'Yan'uwan na da sulusi biyu, wato 28. Idan aka haɗa an sami 49, alhali tumakin 42 ne. Irin wannan mas'ala ta taso a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, kuma bayan ya shawarci Sahabbai aka tsaya kan abin da malamai ke kira aulu. Asalin mas'alar 6 ne: miji na da 3, 'yan'uwa na da 4, sai a ɗaga asalin zuwa 7. Tumakin sai a kasa su bakwai, miji ya ɗauki kashi uku, wato 18, 'yan'uwa su ɗauki kashi huɗu, wato 24. Kowa ya ragu daidai gwargwadon rabonsa. Abdullahi ɗan Abbas yana da wani ra'ayi dabam, amma mazhabobi huɗu sun tafi a kan aulu, kuma malamai sun ƙididdige inda yake shiga: 6 kan tashi zuwa 7, 8, 9 ko 10, 12 zuwa 13, 15 ko 17, 24 kuwa zuwa 27 kaɗai.

Abubuwa uku ne abin lura a nan ta fuskar lissafi. Na farko, larura ce ta kawo ƙarin, ba son burgewa ba. Na biyu, duk mas'alar da kasonta bai zarce dukiya ba tana nan yadda take, aulu bai taɓa ta ba. Na uku, ƙarin bai haifar da karo ba, ba a sami mas'ala ɗaya mai amsa biyu masu saɓani ba. Waɗannan su ne sharuɗɗan da masana mantiƙi ke auna kowane faɗaɗawa da su. Ba mamaki kuwa, domin littafin Aljabara da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 babban sashensa a kan lissafin wasiyya da gado yake.

Daga bashi zuwa adadin da babu shi a kasuwa

Adadin ƙirge, wato 1, 2, 3, ya ishi makiyayi sanin shanunsa, amma ba ya iya amsa tambayar a cire 5 daga 3. Ɗan kasuwar Isa kuwa ya san amsar tun kafin ya ga allo: wanda ke da buhun gero uku, ana bin sa biyar, yana da bashin buhu biyu. Wani masani Ba'indiye mai suna Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin wannan a shekarar 628, kuma da kalmomin dukiya da bashi ya yi bayaninsa.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne dokar da ta ce −1 sau −2 daidai yake da 2. Sau da yawa malami kan ce, haka doka take, a haddace. Alhali dalilin a fili yake. A duba wannan jeri: 3 sau −2 ya ba da −6, 2 sau −2 ya ba da −4, 1 sau −2 ya ba da −2, sifili sau −2 ya ba da sifili. Kowane mataki amsar na ƙaruwa da biyu. To, mataki na gaba, −1 sau −2, dole ya zama 2, in dai ana son tsoffin ƙa'idojin ninki su ci gaba da aiki. Ashe ba wani ne ya zauna ya ƙaga dokar ba, tsohon gini ne ya tilasta inda sabon bango zai bi.

A kan wannan tafarki aka samu adadin da idan aka ninka shi da kansa yake ba da −1, wanda Bombelli na Italiya ya tsara lissafinsa a 1572. An daɗe ana yi masa kallon wasa, amma a yau da shi injiniya ke lissafin wutar lantarkin da ke bin waya.

Sai dai ba kowace ƙofa ce ke buɗuwa ba. Ana iya cewa, me zai hana a ƙara wani adadi da zai zama amsar raba 1 da sifili? A gwada. Sifili sau 1 daidai yake da sifili sau 2. Idan aka halatta rabawa da sifili, aka kuma riƙe sauran ƙa'idoji, to 1 ya zama daidai da 2, daga nan kowane adadi ya zama daidai da kowane, alƙali ya rasa abin da zai raba gado da shi. Wannan ɗaki ne da ginin sa ke kada gida gaba ɗaya.

Akwai kuma ƙarin da ke zuwa da farashi. A 1843, a birnin Dablin, Hamilton ya ƙago adadi mai sassa huɗu domin lissafin juyawar abu a sarari, amma sai da ya sadaukar da dokar da ta ce 2 sau 3 daidai yake da 3 sau 2. A sabon tsarin, wanda aka fara da shi na da tasiri. Mai karatu na iya gwadawa da littafi: ya kifa shi gaba sannan ya juya shi dama, sa'an nan ya sake farawa da juyawa dama kafin kifawa, zai ga ba su tsaya wuri ɗaya ba. Tsoffin adadi suna nan cikin sabon tsarin da dokarsu, sabbin ne ba su bi ta ba.

Niyuton da Ainstain

Niyuton ya buga dokokinsa na motsi da jan nauyi a 1687. Ƙarfinsu ya kai ga cewa da aka ga duniyar Yuranus tana kauce wa hanyar da lissafi ya zana mata, sai Le Verrier na Faransa ya lissafa inda wata duniyar da ba a sani ba take, aka duba aka gano Neftun a 1846. A 1859 ya lura da wata 'yar kaucewa a tafiyar duniyar da Larabawa ke kira Uɗarid, wadda ta fi kowace kusa da rana. Ya sake cewa akwai wata ɓoyayyiyar duniya, amma aka neme ta aka rasa. A wannan karon dokar ce ta kai iyakarta.

A 1915 Ainstain ya fito da nazariyyar da ta ɗauki jan nauyi a matsayin lanƙwasar sarari da lokaci, ta kuma ba da adadin kaucewar daidai, wato daƙiƙar kusurwa 43 a kowace shekara ɗari. An gwada wani hasashen nata a kusa da gida: ranar 29 ga Mayu, 1919, Eddington na Ingila ya ɗauki hoton husufin rana a tsibirin Principe da ke tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, ya ga hasken taurari na lanƙwashewa idan ya gifta kusa da rana.

To, an jefar da Niyuton ke nan? Ko kusa. Idan gudu ya yi ƙasa ƙwarai da na haske, wanda ke cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda, jan nauyi kuma ba mai tsanani ba ne, lissafin Ainstain kan koma na Niyuton. Motar da ta taso daga Isa zuwa Sakkwato tana gudun kilomita 80 a awa, bambancin lissafin biyu a kanta bai kai ɗaya bisa miliyan sau miliyan ba. Da Niyuton aka gina madatsar ruwa ta Goronyo. Amma taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda wayar hannu ke dogaro da su wajen nuna wuri, agogonsu na wuce na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, kuma in ba a gyara da lissafin Ainstain ba, kuskure zai taru ya kai kilomitoci cikin kwana ɗaya. Abin da sabuwar nazariyya ta yi wa tsohuwa shi ne ta nuna mata iyakar gonarta.

Haka lamarin yake a kimiyyar halittu. Dokokin Mendel na 1866 sun dace da siffofin da ke rabuwa gida-gida, kamar cutar sikila: idan uwa da uba duk AS ne, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya bisa huɗu na zama SS. Amma tsawon mutum ko na zangarniyar gero ba ya rabuwa haka, shi ya sa wasu suka zaci dokokin sun faɗi. A 1918 Fisher ya nuna ta lissafi cewa idan ƙwayoyin gado masu yawa suka taru a kan siffa ɗaya, kowace tana bin dokar Mendel, abin da zai fito shi ne tsawo hawa-hawa. Shawarar gwajin jini kafin aure tana nan a kan tsohon ginshiƙinta.

Ginin da ba ya ƙarewa

Masana sun taɓa yin burin kafa ginshiƙai da za su wadatar da lissafi baki ɗaya. Frege na Jamus ya yi nisa a wannan aiki, sai ga wasiƙar Rasel a 1902 tana nuna masa cewa ɗaya daga ginshiƙansa na haifar da karo. Aka koma aka sake harsashi cikin taka-tsantsan. Daga baya, a 1931, Godel ya tabbatar da cewa duk tsararriyar nazariyyar da ba ta karo da kanta, wadda ake iya jera ginshiƙanta bisa ƙa'ida, kuma ta ƙunshi lissafin tarawa da ninki, to akwai magana a cikinta da ba ta iya tabbatarwa ba ta kuma iya ƙaryatawa. In an ɗauki maganar an mai da ita sabon ginshiƙi, wata za ta sake ɓullowa. Wasu kan ɗauki wannan hujjar cewa lissafi ba shi da tabbas. Sun juya zancen ne. Abin da aka tabbatar ya tabbata. Abin da Godel ya nuna shi ne ba ranar da magina za su ajiye kayan aiki. Ilimi kogi ne, in ji Hausawa.

Kammalawa

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan tunani ba ce. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan mantiƙi, ya kuma bayyana hanyoyin cika hatimin adadi, wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. Bai tsaya ga mai gida uku-uku da ke ba da 15 ba, ya ba da ƙa'idar da ta game masu biyar-biyar, bakwai-bakwai, har abin da ya yi sama na mara.

Yankin Isa da Sabon Birni ya sha wuya da hare-haren 'yan bindiga, har dubban mutane suka tsallaka jihar Maraɗi tun daga 2019, karatun yara da yawa ya katse. Yaron da ya dawo aji bayan irin wannan rata hadda ba za ta riƙe shi ba, sai abin da ya gane dalilinsa. Saboda haka ya kamata malamin lissafi ya fara daga bashin gero da rabon tumaki, da harshen da yaro ke tunani da shi, kafin ya kai ga alamomi. Malamin fiziks ya daina cewa an ƙaryata Niyuton, ya koyar da inda dokarsa ke aiki da inda ta tsaya. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, waɗanda ke yaye malaman wannan yanki, su haɗa masu lissafi da masu Larabci da masu Hausa su samar da ɗan littafi a kan wannan tafarki. A kuma saba wa ɗalibi da tambayoyi uku duk lokacin da aka zo masa da sabon zance, daga littafi ya fito ko daga waya: wace matsala ya warware, me ya yi da abin da aka riga aka tabbatar, kuma shin yana karo da kansa?