Farauta da tukunyar gida: magana ga magidantan Gecheme

Jama'a, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, ga sanyi ya fara saukowa cikin Dallol Mawri. Mun san abin da ke biyo baya: a ciro bindiga daga bayan ƙyaure, a shafe ta da mai, a kira karnuka. Mu ba masu sukar farauta ba ne. A ƙasar Arewa maharbi mutum ne mai daraja tun kakanni, kuma magidancin da ya sha wahalar damina yana da haƙƙin ya sha iska.

Amma mu yi lissafi tsakani da Allah. Albarushi ko harsashi kuɗi ne. Esansi na moto kuɗi ne, don yanzu sai an yi nisa kafin a ga ko zomo. Kare ma ci yake, dawo ɗaya da yara. A dawo da yamma da fakara biyu da zabon daji guda, in an dace. Wannan jikkunan da suka tafi, da an kai su wurin mahauci, da naman ya fi haka yawa. To mu daina cewa "cefane na tafi nema". Nishaɗi ne, a kira shi da sunansa, sai a san gurbinsa cikin kuɗin gida.

Gurbin nan kuwa yana bayan kayan lakwal. Yara suna komawa aji a watan Oktoba, kaye da bik da kuɗin iyayen yara duk lokaci guda suke faɗowa, ga zazzaɓin cizon sauro bai gama sakin gidaje ba. Wanda ya sayi harsashi alhali takardar magani tana ninke cikin aljihunsa, uwargida ba ta yi laifi ba in ta ɗaure fuska.

Lokacin ma haka. Ranin da ake fita daji shi ne ranin garka: rake, rogo da albasa a fadama ba su jiran kowa, ban ruwa kullum ne. Shawararmu, rana ɗaya a mako ta isa, a fita ƙungiya, a haɗa kuɗin mai, a bar wani yana duba garakan sauran, mako mai zuwa a canza.

Sai batun hukuma, wanda da yawa ke yi wa kunnen ƙashi. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta a Nijar, akwai izini, akwai lokacin buɗewa da rufewa, akwai dabbobin da ba a taɓawa sam. Kafin a fita, a leƙa wurin ma'aikatan gandun daji a Tibiri a tambaya. Ga kuma halin da iyakarmu da Kabi da Sakkwato take ciki: mutum da bindiga a kan moto cikin daji, jami'in tsaro ba zai tsaya tambayar ko zomo yake bi ba. A sanar da maigari, a fita da rana, a dawo kafin magariba.