A fara da gwaji kafin a rubuta manhaja

Galibin masu rubuta manhajar kwamfuta sai sun gama aiki suke gwadawa. A ganina, hanyar da Kent Beck, injiniya ɗan Amurka, ya bayyana a littafinsa na 2002 ta fi: a rubuta gwaji tukuna, manhaja ta biyo baya.

A ce manhajar aika kuɗi ta waya ce. Injiniya zai fara da ƙaramin gwaji: mai jikka 5 a asusu in ya nemi aika jikka 10, dole a hana shi. Da ya kunna gwajin sai ya nuna ja, don ba a rubuta abin da zai hana ba. Sai ya rubuta layuka kaɗan, daidai abin da zai mai da shi kore. Ya gyara rubutun ya yi tsaf, ya sake gwadawa, ya wuce doka ta gaba. Haka gwaje-gwajen ke taruwa, kowane sabon canji sai ya bi ta kansu.

Wasu na cewa ɓata lokaci ne. To, a 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ko minti ɗaya ba ta yi da tashi ba, saboda an sa mata manhajar Ariane 4 ba tare da gwada ta da yanayin tafiyar sabuwar rokar ba.

Gaskiya ne gwaji ba ya kama abin da ba a yi tunaninsa ba, amma yana tilasta yin tunanin tun da wuri. Duk ma'aikatar da ta ba da kwangilar manhaja, ta nemi a nuna mata gwaje-gwajen kafin ta biya.