RA'AYINMU: A Sa Wa Motar Ajingi Lokacin Tashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ta Ajingi ko ta Gaya da sassafen ranar Litinin ya san amsar da akan ba fasinja idan ya tambayi lokacin tashi. Ɗan kamasho zai ce masa saura mutum biyu, ko da kuwa rabin kujerun ba kowa a kansu. Ba wanda zai ce masa ƙarfe kaza, domin a wannan harka mota ba ta tashi sai ta cika. Ma'aikacin da ake jiransa a ofis ƙarfe 8, da ɗalibin da zai shiga aji, da mai jinyar da ke son ya samu kati a asibitin birni, duk sai su zauna suna duban hanya, suna fatan Allah Ya kawo cikon mota. Mu a ganinmu wannan jira, wanda ba a rubuta shi a littafin kowace ma'aikata, shi ne babbar matsalar sufuri a gabashin Jihar Kano, kuma lokaci ya yi da hukuma za ta dube shi da idon basira.

Sanin kowa ne tafiyar kanta ba ta da nisan da za a yi kuka da shi. Daga Kano zuwa Wudil kimanin kilomita 40 ne, Gaya kuma tana gaba da abin da bai wuce rabin wannan ba sosai, Ajingi tana arewa da ita. Tun 2006 Gwamnatin Tarayya ta ba da aikin mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, wadda ta ratsa Wudil. Motar da ke da lafiya, tana tafiya ba gudun ganganci ba, za ta iya kai mutum daga Gaya zuwa bakin birni cikin kamar awa ɗaya. To, amma matafiyi ba ya lissafinsa daga inda direba ya tayar da mota. Lissafinsa daga ƙofar gidansa yake farawa, ya ƙare a ƙofar ofis. A tsakanin nan akwai jiran cika a Ajingi, akwai yiwuwar a sauke shi a Gaya ko Wudil a sayar da shi ga wata motar da ita ma sai ta cika, akwai tsaye-tsayen ɗauka da saukewa, akwai cunkoson Wudil ranar Juma'a da kasuwa ke ci. Idan ya ƙetare gadar Wudil ya wuce Mariri ya iso Hotoro, sai kuma sabuwar tafiya ta fara.

Wannan tafiya ta biyu, wato ratsa birni, ita ce ta fi wuyar ƙiyasi. Mai zuwa Sakatariyar Audu Bako hanyarsa daban, mai zuwa Asibitin Murtala a cikin gari tasa daban, mai zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a hanyar Zariya tasa daban. Ɗalibin da zai je sabon mazaunin Jami'ar Bayero a hanyar Gwarzo kuwa sai ya keta birnin daga gabas har yamma, yana sauka daga wannan A Daidaita Sahu yana hawa wancan, kowanne da cinikinsa, kowanne da jiransa. Ba abin mamaki ba ne mutum ya ɓata lokaci daga Hotoro zuwa Rijiyar Zaki daidai da wanda ya ɓata daga Gaya zuwa Hotoro. Abin da ya fi ciwo shi ne bai san ko yau tafiyar za ta yi sauri ko za ta ja ba, saboda haka dole kullum ya yi sammakon ranar da ta fi muni.

Kada a ɗauka mutanen karkara kaɗai abin ya shafa. Da yawa daga malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da na ƙaramar hukuma da aka tura Ajingi da Gaya iyalansu a birni suke, kullum suna kan hanya. Idan motarsu ta makara, yaran Ajingi ne ke zaune ba darasin farko, matan Ajingi ne ke zaune a ɗakin awo ba mai duba su. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Ajingi na da mutum fiye da 170,000, ta Gaya kuma fiye da 200,000, kuma ba shakka yau sun ƙaru. Lissafin asarar mai sauƙi ne. Ma'aikacin da ya rasa awa ɗaya kullum ya rasa awa 20 a wata mai ranakun aiki 20, wato kwana biyu da rabi na aikin awa takwas. Gwamnati ta biya albashin waɗannan kwanaki, jama'a kuwa ba su ga aikin ba. Mai karatu ya ninka wannan da yawan ma'aikatan da ya sani suna bin hanyar nan.

Ba adalci ba ne a ɗora wa direba laifin duka, domin ruwa ba ya tsami banza. Yawancin direbobin haya mota ba tasu ba ce, kullum sai sun kai wa mai ita balas, sun sayi mai, sun biya kuɗin tasha da na kamasho, abin da ya rage shi ne na cefane. Bugu da ƙari layi ake bi a tasha, wanda ya yi lodi ya tafi ba lalle ya sake samun wani lodin da wuri ba. Mutumin da ke cikin wannan hali idan ya tashi da kujera huɗu babu kowa, daga bakin 'ya'yansa ya cire. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma ci gaba da hawa, kujerar da ba kowa ta ƙara tsada. Har wasu jihohi, irin su Kwara da Edo, suka rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis a 2023 saboda tsadar mota. Ashe ke nan wa'azi ba zai sa direba ya tashi kan lokaci ba, sai an canza yadda ake biyansa.

Ba za mu ce gwamnatocin Kano sun naɗe hannu ba. A 2005 aka kawo babura masu ƙafa uku na A Daidaita Sahu domin ɗaukar mata. A watan Janairu 2013 aka hana acaɓa a cikin birni bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Ado Bayero, sai masu ƙafa uku suka gaji aikin gaba ɗaya. An kafa KAROTA domin tsara zirga-zirga. An gina gadar sama a Ƙofar Nasarawa, da ta Dangi, da ta shataletalen Hotoro wadda aka buɗe a 2023, kuma duk sun rage wahala a inda suke. A ƙarshen 2022 aka ƙaddamar da manyan motocin Kanawa guda 100 domin bin hanyar Jogana zuwa 'Yankura zuwa Janguza, aka kuma hana masu ƙafa uku bin wasu manyan tituna, amma cikin 'yan kwanaki aka dakatar da hanin. Darasin a fili yake: ba a raba mutane da abin hawan da suka saba da shi sai an ba su wanda za su iya dogara da shi. Gada tana gaggauta motar da ta riga ta hau titi, amma ba ta tayar da wadda ke tsaye a tashar Ajingi tana jiran mutum biyu.

Akan ce wai mutanenmu ba su san kiyaye lokaci ba, don haka jadawali ba zai yi aiki ba. Wannan zance bai kama hankali ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, daga baya aka miƙa layin zuwa Ringim da Nguru, kakanninmu kuma suka riƙa zuwa tasha kafin lokaci domin sun san jirgi ba ya jiran kowa. Manomin Ajingi ya san ƙarfe nawa ake labarai a rediyo, ɗalibi ya san ƙarfe nawa ake rufe ɗakin jarrabawa. Mutum yakan kiyaye lokacin abin da shi ma yake kiyaye lokaci. Haka aka gani a wasu wurare. Birnin Kuritiba na ƙasar Barazil ya ware wa manyan motocin bas hanyarsu tun 1974, Bogota ta Kolombiya ta bi sahu a 2000, Legas kuma ta fara nata a watan Maris 2008 daga Mile 12 zuwa cikin tsibiri. A Kuritiba da Bogota an gina tsarin ne a kan biyan masu motoci gwargwadon nisan da motarsu ta yi, ba gwargwadon kawunan da ta kwasa ba, shi ya sa direba ba shi da dalilin tsayawa jira ko tseren ƙwace fasinja.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Sufuri ta Jiha da hukumar Kano Line, tare da ƙananan hukumomin Ajingi, Gaya da Wudil, su dubi waɗannan shawarwari.

Na farko, a auna tafiyar. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana Wudil, a kan hanyar nan take. Ɗalibanta da na Jami'ar Bayero za su iya hawa motocin da agogo da takarda, daga Litinin zuwa Juma'a, rani da damina, su rubuta minti nawa aka yi ana jira, minti nawa aka yi ana tafiya, ina ne aka fi tsayawa. A buga sakamakon kowa ya gani, domin ba a yin jadawali da ka.

Na biyu, a sa lokacin tashi tabbatacce safe da yamma a ranakun aiki. Mota ta farko ta bar Ajingi bayan sallar Asuba yadda za ta iso Hotoro da sauran lokacin kai wa ofis, wata kuma ta bar Kano a daidai wannan lokaci domin ta sauke ma'aikata a Gaya da Ajingi kafin ƙarfe 8. A rubuta lokutan a allo a kowace tasha, a riƙa sanar da su a Rediyon Kano. Idan lokaci ya yi a tashi, ko da fasinja uku ne a ciki.

Na uku, a yi abin da direbobin da ke kan hanyar, ta hannun ƙungiyarsu. A ɗauki masu motoci masu lafiya haya, a biya su kan kowace tafiya da suka yi kan lokaci, kuɗin tikiti ya shiga asusun hukuma. Wanda ya makara ba dalili a rage masa. Ta haka za su zama masu tsaron tsarin maimakon masu neman rushe shi.

Na huɗu, a haɗa motar karkara da ta birni. A keɓe matsaya a Hotoro inda bas mai zuwa Sakatariya, da mai zuwa 'Yankura, da mai zuwa hanyar Gwarzo za su riƙa tarar motar Gaya, tikiti ɗaya ya kai mutum har inda za shi, ɗalibi mai katin shaida kuma a yi masa rangwame.

Na biyar, a tanadi gareji da makanikai da kayan gyara tun kafin a sayi mota ko ɗaya. Tun shirin motocin jama'a na Gwamnatin Tarayya na 1988 muke ganin yadda ake bikin ƙaddamar da bas, bayan 'yan shekaru a same su jibge ba taya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun san za a ce ina kuɗi. Gaskiya ne a makonnin farko motocin za su riƙa tashi da kujeru babu kowa, kuma gwamnati ce za ta ɗauki wannan giɓi. To, amma ai yanzu ma ana biyan kuɗin, sai dai ta hanyar albashin sa'o'in da ba a yi aiki ba da darussan da ba a koyar ba. Ba kuma sai an fara da jiha gaba ɗaya ba. A gwada hanya ɗaya, Ajingi zuwa Gaya zuwa Wudil zuwa Kano, na tsawon zangon karatu ɗaya, sannan a fito a faɗa wa jama'a sau nawa mota ta tashi kan lokaci da nawa aka kashe. In ta yi kyau a miƙa tsarin zuwa hanyoyin Rano, Bichi da Gwarzo.

Mu fasinjoji ma muna da namu. Idan aka sa lokaci, kada wani ya aiko yaro a riƙe masa mota don yana da muƙami, kada kuma ma'aikaci ya ci gaba da fakewa da hanya bayan an gyara masa ita. Muna fatan hukumomin da abin ya shafa za su zauna da ƙungiyar direbobi da shugabannin makarantu kafin zangon karatu mai zuwa, domin malamin da ke koyarwa a Ajingi ya san da daddare ƙarfe nawa motarsa za ta tashi gobe. Allah Ya sa a duba.